Shekara 25 a ɗaki ɗaya

A shekarar 2000 François Ozon, mai shirya fina-finai ɗan ƙasar Faransa, ya fitar da wani fim mai suna Sous le sable, wato ƙarƙashin rairayi. Charlotte Rampling ce ta fito a matsayin Marie, 'yar Ingila mai koyar da adabi a jami'a a Paris, Bruno Cremer kuma ya fito a matsayin mijinta Jean. Shekara 25 da aurensu, babu haihuwa, babu kuma wanda ya taɓa jin kansu.

Suka tafi hutu yankin Landes a bakin teku. A mota shiru, wajen cin abinci shiru, mai kallo ya ce ai zama ne ya yi daɗi har magana ta zama ba dole ba. Washegari suka je gaɓa, ya ce zai shiga ruwa, ita kuma ta kwanta barci ya kwashe ta. Ko da ta farka, babu Jean babu dalilinsa. Aka nema har aka gaji.

Daga nan ne Marie ta zama mace ta gari da ba a taɓa gani ba. Ta koma Paris tana zancensa kamar yana gida. Da dare sai ta gan shi a ɗaki, ta ba shi labarin yadda ta wuni, ta rungume shi. Ta shiga kanti ta yi masa sayayyar kayan sawa. Ƙawarta Amanda ta haɗa ta da wani mai suna Vincent, bawan Allah ya zo da zuciya ɗaya, ita ko tana auna shi da wanda ba ya nan, har ta fashe da dariya ta ce bai kai mijinta nauyi ba. Shi wannan ma an zalunce shi, amma ba ta kansa nake yi ba yau.

Can sai ta gano cewa Jean ya je wurin likita, yana shan maganin ciwon damuwa. Ba ta sani ba. Gado ɗaya, tebur ɗaya, mutum na narkewa kamar gishiri a ruwa, wadda ke gefensa tana ganin lafiya lau. Da ta je wurin surukarta a gidan tsofaffi, tsohuwa ba ta rage mata ba: ta ce ɗanta gajiya ya yi da zaman, ya yi tafiyarsa. Magana ce ta mugunta, amma Marie ba ta da tabbacin da za ta ƙaryata ta da shi.

Daga baya masunta suka tsamo gawa. Ta dage sai ta gani da idonta, aka nuna mata, aka miƙo agogon hannu. Ta yi dariya ta ce ba nasa ba ne.

Ni dai labarin Turawa na kawo, kuma Faransa da nisa. Ban ce na san wani maigida da ya cika makabarta da kuka alhali bai taɓa raka marigayiya asibiti ba. Ban ce na san masu ɗora hoton mamaci a Facebook duk shekara, waɗanda da yana raye ko kiran wayarsa ba sa ɗauka. Amma mai karatu, idan ka koma gida yau ka tarar da kwalin magani a kan durowa, ɗauki ka tambayi mai shi abin da ke damunsa, sannan ka zauna ka ji amsar.