Takarda Zuwa Ga Kaka Salaga

Zuwa ga Kaka Salaga,
Ƙasar Gwanja, Gana.

Jikanki ne daga Kano, cikin zuriyar fataken da suka sha kwana a zangonki. Wasa tsakanin jika da kaka ba ya kai mutum gaban alƙali, saboda haka ki gyara zama, ƙara na kawo.

Tun muna yara ake cika mana kunne da goron Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su labta wa jakuna kanwa da turkuɗi da jar fata, madugu ya sa rana, jagaba ya shige gaba, a haye Kwara, a ratsa Bargu ana biyan fito da gaisuwar sarakuna, wata da watanni ana tafiya. Wani ya bar amarya da lalle a ƙafa, ya dawo ya tarar da yaro yana rarrafe. Duk saboda goronki. To, na taso daga Tamale, tafiyar kilomita fiye da 100, na zaga gari, na fita ƙauyuka ina ɗaga kai ina duba itatuwa har wuyana ya ƙage. Na ga kaɗanya, na ga ɗorawa, na ga kuka. Kaka, ina itacen goron?

Ashe ko ɗaya ba ki taɓa dasawa ba. A kurmin Asante yake fitowa, can kudu, a ɗauko miki shi a ka, ke kuwa kina zaune a inuwa ana ƙirga miki ƙwarya-ƙwarya, a naɗe a huhu, ki ƙirga wuri ki zuba a sanho. Dillaliya ce ke, irin wadda ba ta bari mai kaya da mai saye su haɗa ido. Kuma ko wannan ba wayonki ba ne ke kaɗai. Sarkin Asante ne ba ya son fataken arewa su wuce ki su shiga kurmi, shi ya sa kowa ya sauke kaya a ƙofarki.

Sai ga 1874, Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, birnin Sarkin Asante. Kika ga ubangida ya durƙusa, kika ce ke ma kin daina bin sa. Sannu da jarumta! Mutanen Asante ba su yi dogon musu da ke ba, suka karkata goron zuwa Kintampo. Kafin ki farfaɗo, a 1892 'ya'yan sarautar Kpembe, nan maƙwabtanki, suka kaure da yaƙin gado, 'yan kasuwa suka naɗe tabarma suka watse. Har Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya ƙarasa a Kete-Krachi, can ya rasu a 1934. Daga baya goro ya koyi hawa jirgin ruwa zuwa Ikko, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Kano, ko gaishe ki bai tsaya yi ba.

Rijiyoyinki ma na gani, ko'ina rami, mai tafiya da dare sai ya yi hattara. Garin da ake sayar wa baƙo ruwan sha kamar yadda ake sayar masa da goro, ai dole ya yi ta haƙa. Amma da aka kai ni wurin da ake kira Wankan Bayi, inda a da ake wanke mutane a shafa musu man kaɗe kafin a tsayar da su a kasuwa, bakina ya mutu. A nan ba ni da abin tsokanarki da shi, domin kakannin da nake tinƙaho da su suna cikin masu tayawa da sallamawa. Jikokin waɗanda aka sayar suna zuwa daga Amurka su tsaya a wurin su yi kuka. Ina roƙonki ki riƙe wurin da mutunci, ciyawa ba ta kamata da shi ba.

Abin da ya burge ni ba a cikin gari yake ba. Na bi hanyar Makango, inda ake shiga jirgin fito a haye tafkin Volta zuwa Yeji, tafkin da madatsar Akosombo ta haifar a shekarun 1960. Hagu da dama tulin doya ne iyakar ganin ido, Konkomba da Gwanjawa sun sunkuya suna aiki, mata suna tsintar ƙwarar kaɗanya, shanun Fulani suna ƙetare titi ba sa ko kallon mai mota. Manyan motoci suna lodin doya suna nufar kudu. Yanzu kam kina sayar da abin da ƙasarki ta noma, amma ban ji maroƙi ko ɗaya yana yi miki kirari da doya ba, kuma na lura ke ma ba ki son a ambata.

Goron da na saya a kasuwarki, mai tiren ya ce min a mota aka kawo shi daga kudu, kuma da na lissafa kuɗin, na fi samun sauƙi a kasuwar Mariri ta Kano. Ba zan nemi ki mayar min da canji ba. Ki dai haɗa min doya ƙwarya guda ki aiko, kuɗin mota a wuyanki.

Jikanki mai ƙaunarki,
Wani Ba'agale daga Kano.