Mai Ido Shida a Kogin Nilu

Masu lafiyar ido sun ɗauki tabarau kayan ado ne, shi ya sa ba sa jin nauyin ce maka, "Ɗan ciro in gwada." Su saka, su ce jiri na ɗibarsu, su miƙo maka da shatin yatsu a jiki. Ni kuwa tun ina aji biyu a sakandare rabona da ganin duniya da tsirarar ido. Lambar da likita ya rubuta mini a kati shida ce, da alamar ɗebewa a gabanta. Ma'anarta, in na cire gilashi, iyakar abin da nake gani tangaran shi ne wanda bai wuce santimita 17 daga hancina ba. Ko taƙi ɗaya bai cika ba. Duk abin da ya wuce nan, mutum ne ko akuya ko babur a jingine, sai dai in yi masa sallama in jira amsa.

A tudu babu damuwa. Na riga na kashe kuɗi na sayi irin gilashin nan mai rikiɗa, wanda ke yin duhu da kansa a rana, ya washe a inuwa. Mai shagon ya rantse mini cewa na rabu da baƙin gilashi har abada. Abin da ya bari a cikinsa shi ne, hasken rana ne ke sa sinadarin gilashin ya yi duhu, zafi kuma shi ke mayar da shi fari. Kullum ja-in-ja suke. A ƙasar sanyi haske ke yin rinjaye, gilashi ya yi baƙi ƙirin. Inda ma'aunin zafi ya haura 40 kuwa, sai ya tsaya a rabin hanya, bai yi baƙi ba, bai yi fari ba. An ƙera shi ya fi ƙwazo inda ba a fi buƙatarsa ba.

Wani aiki ne ya kai ni Alƙahira a watan Mayu, na sauka wajen ɗan yayata da ke karatu a Azhar, wanda duk gida ke kira Ustaz tun gemu bai fito masa ba. Da aiki ya ƙare ya kafe cewa wanda bai ga Aswan ba bai ga Nilu ba, na Alƙahira duk gadoji ne da hayaƙin mota. Muka hau jirgin ƙasa na dare, tafiyar kusan kilomita 900, muka wayi gari a garin da ake shekara guda ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

Ni Bakano ne, rana ba baƙuwata ba ce. Amma ranar da na sani daga sama take zuwa, ka sunkuyar da kai ka ci gaba da harkarka. A bakin kogin Aswan biyu ce. Ka ɗaga kai ta sama ta dake ka, ka sunkuyar ta ƙasa ta taso daga ruwa ta shigo ta ƙarƙashin gilashi. A tsallaken kogi tudun yashi yana ƙyalli, a tsakiya baƙaƙen duwatsu suna sheƙi. Hular da ke kaina kuwa zanna ce, aikin hannu, kyakkyawa, amma wanda ya ƙirƙiro hular Bahaushe bai yi shawara da masu shiga jirgin ruwa ba. Ba ta da baki ko na yatsa ɗaya. Kafin mu gama cinikin jirgi hawaye sun fara bin kumatuna.

"Kawu, ga mai gilashi can," in ji Ustaz. "Ka sayi baƙi mana."

"In na sa baƙin, da me zan gani?"

"Ai sai ka ɗora a kai."

Ga wanda idonsa ke da lafiya wannan magana ba ta da aibi. Mai tallan ya zaɓo mini mafi girma a allonsa, ya dafa ƙirji cewa na asali ne daga Italiya, ya fara da farashin da ya isa kuɗin jirgin ƙasa, ya ƙare da na kofin shayi biyu. Na ɗora. Hanci ɗaya, mazauni biyu. Kunne biyu, hannuwa huɗu. Na ciki yana danna karan hanci, na waje yana danna na ciki, hula tana danna su duka ta sama. Amma hasken ya ragu, na samu na buɗe ido. Ustaz ya ɗaga waya ya ɗauke ni hoto, wai don tarihi.

Jirgin da suke kira faluka ba shi da inji. Doguwar sanda ce a tsaye, da ƙaton farin ƙyalle mai kusurwa uku, da igiyoyi ta ko'ina, sai tabarmi da matasan kai inda fasinja ke kishingiɗa. Matuƙin, wanda kowa ke kira Rayyis, dattijo ne ɗan ƙabilar Nubiya, cikin farar jallabiya, ba takalmi, yana zaune a baya ya ɗora ƙafa ɗaya kan sandar tuƙi. Shi ko hula mai baki bai sa ba, ido kawai yake ƙanƙancewa. Ya dube ni, ya dubi yaronsa, ya faɗi wata magana suka kwashe da dariya. Ustaz ya ce wai sun sha ɗaukar masu ido huɗu, yau ne Allah Ya kawo musu mai shida.

Tafiyar farko daɗi ce zalla. Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa, iska kuma mafi yawan shekara daga arewa take busowa, don haka tun zamanin Fir'auna mai zuwa kudu ƙyalle yake buɗewa iska ta tura shi, mai komawa arewa ya bi ruwa. Muka nufi kudu, gari a hagunmu, tsibirin Elefantin a damanmu. Ustaz ya nuna mini matakalar dutse da mutanen zamanin da suke auna cikar kogi da ita. Na gan ta, amma a rabe, domin gumi ya riga ya fara aikinsa. Gilashin ciki ya zamo ƙasa, na waje ya biyo shi, in tura su da yatsa, su dawo. Feshin ruwa ya sauka kan na waje, iska ta busar da shi ya bar tabo. Tururin fuskata ya taru a tsakaninsu. Fuska huɗu ke nan ta gilashi da za a goge, kuma ba a goge ta ciki sai an sauke ta waje, ba a sauke ta waje sai an saki hula.

Muna kusantar ƙarshen tsibirin, inda duwatsu suka cika ruwa, na lura yaron jirgin yana tsaye a gaba yana nuna wa Rayyis hanya da hannu, da wani gilashi ruwan ƙasa a fuskarsa. Wani baƙo ne ya bar masa. Ni in na dubi ruwa farin ƙyalli kawai nake gani, shi kuma yana cewa ga dutse nan, ga wani can. Na ce ƙarya yake, haddace su ya yi. Ya ciro ya miƙo mini.

Na sauke na Italiya na riƙe a hagu, na ɗora nasa a kan nawa. Sai kogi ya buɗe. Ƙyallin nan ya ɗauke ɗif, ga ruwa kore shar, ga bayan dutse kwance a ƙarƙashinsa, har da wani tsiro yana kaɗawa. Ashe hasken da ya daki ruwa ya taso, mafi yawansa a kwance yake tahowa, wannan gilashi kuma yana da wani siririn shafi da ba ya barin na kwance ya wuce. Edwin Land, Ba'amurken da ya kafa kamfanin Polaroid a 1937, shi ya mai da wannan dabara kayan kasuwa. Na Italiya rage haske kawai yake yi, mai amfani da maras amfani, bai san bambanci ba.

Na zaro waya in ɗauki wannan abin mamaki. Na juya ta a kwance, fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Na danna, na girgiza, shiru.

"Kai Ustaz, cajar nan taka ta kashe mini waya."

"Kawu, ga ta nan a kunne, ina ganinta daga nan."

Na miƙar da ita a tsaye, ta dawo. Na kwantar, ta mutu. Hasken fuskar wayar ma gefe guda yake bi, in ya yi karo da shafin gilashin sai ya tare shi. Na mai da ita aljihu ina ƙunƙuni, na dafe hula da dama domin iska ta fara ƙarfi.

A daidai nan Rayyis ya juya jirgi. Komawa arewa ba miƙe ake yi ba, tunda iska ta dawo gaba. Sai an yi ta karkata, a nufi wannan gaɓa, a juyo a nufi waccan, kuma duk juyi ƙyallen nan da igiyoyinsa sai sun tsallaka daga gefe zuwa gefe. Ya yi kira da Larabcinsa. Ustaz ya sunkuya. Ya ce daga baya wai ya fassara mini, amma ni ban ji komai ba sai fyaɗin igiya a kunne.

Gilashi biyu suka tashi tare, hannuwansu a sarƙe, suka rabu a sama. Yaron ya yi tsalle ya cafe nasa da hannu ɗaya. Nawa ya wuce. Ban ga faɗuwarsa ba, da me zan gani? Ɗan tsulum kawai na ji, ƙarami, wanda bai yi daidai da kuɗin da aka kashe ba. Hannuna na dama yana kan hula, na hagu yana riƙe gam da na Italiya, ko ƙwarzane bai yi ba.

"Ma'alesh," in ji Rayyis, wato a yi haƙuri.

"A tsaya! A juya!" na ce.

Ustaz ya isar. Rayyis ya yi dogon bayani, wanda ya taƙaita mini da cewa jirgin iska ba shi da birki, gilashi ba ya iyo, kuma ƙasan wurin nan cike yake da wayoyi da zobba da agogunan baƙi, nawa ba zai yi kaɗaici ba. Sannan ya ce a ɗora mini shayi.

"Allah Ya mayar da alheri, Kawu," in ji Ustaz, muryarsa na rawa irin ta wanda ke danne dariya. "Ina na ajiyar?"

"Yana cikin akwati."

"Akwatin da ke ɗakina?"

Ban amsa ba.

Sauran yawon da kunne na yi shi. Aka ce ga kabarin Aga Khan na uku can bisa tudu, wanda ya rasu a 1957. Na ga wani abu ruwan ƙasa a kan wani abu ruwan ƙasa. Aka ce ga tsibirin da Kitchener ya mai da lambu, da itatuwa daga ƙasashe daban-daban. Na ga kore. Can sai ga wani baƙin abu dogo yana tahowa a kan ruwa, ya manne a jikin jirgi daidai gwiwar hannuna. Ban san lokacin da na tsallake Ustaz na faɗa kan tiren shayi ba, ina salati ina kiran kada. Sai kadan ya fara rera waƙa. Yaro ne kwance kan ɗan katako, yana tuƙi da hannu, irin waɗanda ke bin jirage suna waƙa a ba su na alewa. Rayyis ya ce tun da aka gama babban dam a 1970 kadoji suna can bayansa a Tafkin Nasir. Na ba yaron kuɗi, ban kuma san nawa na ba shi ba, sai dai yadda ya yi ta godiya ya sa na yi zargin takardar babba ce.

Dabara ta zo daga baya. Na naɗe yatsa na bar ɗan ƙaramin rami na leƙa, abubuwa suka ɗan fito, amma Ustaz ya roƙe ni in daina, wai mutanen wani jirgi suna kallo. Sai na tuna da waya. Na kunna kyamara na kawo ta dab da hanci, cikin santimita 17 ɗina, sai ga dabino, ga ƙyallen jirage, ga fuskar Rayyis har da haƙorinsa ɗaya da ya fita. Da hanau gara mannau. Haka na ƙarasa ganin Nilu a fuskar waya, yadda wanda ke kwance a ɗakinsa a Gwammaja zai gan shi ba tare da biyan kuɗin biza ba.

Da magariba Ustaz ya ja ni da hannun riga zuwa wani shagon gilashi. Aka nemi katin likita, na buga wa maman yara ta ɗauko hotonsa ta turo. Kafin ta turo sai da ta tambaye ni ido nawa suka rage. Na ce wa mai shagon ina son baƙi mai maganin ƙyalli kuma mai lambata, irin mai lanƙwasa da ke rufe gefe. Ya ce lamba shida ba ta son lanƙwasa, gefen zai yi kauri, ganin ma ya karkace, sai dai miƙaƙƙe, kuma sai an aika Alƙahira. Na haƙura da fari, ya ce gobe da la'asar. Ya ƙara mini da igiyar wuya mai ɗan soso, wadda ke hana gilashi nutsewa. Ya ce masu zuwa daga kogi duk suna saya, amma a gilashi na biyu.

Da na karɓi sabon washegari, abin da na fara karantawa shi ne zauren WhatsApp na gidanmu. Ustaz ya riga ya saka hoton tarihi tun jiya, wani kuma ya mai da shi hoton zauren. Saƙonni sun yi tsiri. A ƙasa akwai muryar Yaya, mahaifiyar Ustaz, na danna.

"Kai Ustaz, wai kawun naka aiki ya je yi Masar, ko walda ya koma koyo? In waldar ce ka gaya masa ƙofar gidana ta ɓalle."