Kawu Ya Duba, Babu Komai a Ciki

Kyamarata Pentax K1000 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1976, ƙarfe zalla, da tsohon gilashinta mai milimita 50 wanda sai ka murɗa da hannu kafin fuskar mutum ta fito tas. Na ɗura mata fim ɗin Kodak Gold mai hoto 36, na nufi ɗaurin auren ƙanwata ina hura hanci. Kowane hoto sai na tsayar da jama'a ina murɗe-murɗe har murmushinsu ya bushe. Duk da haka fim ya kusa cika: ango, waliyyai, har da Kaka, wadda sai da aka yi ta lallashi kafin ta gyara ɗaurin kallabi ta zauna.

Aka kira azahar, na ba Kawu ya riƙe mini in yi alwala.

Ina kan ƙafar hagu na ji ƙas.

Duk wanda ya taɓa riƙe wannan kyamara ya san ƙarar. Akwai ɗan maɗauki a sama ta hagu, na naɗe fim ya koma gwangwaninsa. In ka ja shi sama, bayanta ya buɗe. Na waiga, ruwa na zuba daga buta. Kawu ya sa farce ya ɗago fim ɗin, ya jawo shi a hankali, cikin natsuwa irin ta mai auna shadda, har ya kai tsawon hannunsa. Sai ya ɗaga shi sama. Ba inuwar darbejiya ya nufa ba, wadda ke nan taku biyu daga inda yake. Rana ya nufa, tsakiyarta, ya kanne ido ɗaya.

Fim ɗin da ba a wanke ba, ƙiftawar ido ta haske ta ishe shi, abin da ya sa ake wanke shi a ɗakin duhu ke nan. Kawu kuwa sai da ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya juya ɗaya gefen ko a can hoton yake. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne "Kawu..."

"An cuce ka, ɗan nan," in ji shi. "Fim ɗin wofi suka sayar maka. A zamaninmu kana ɗaga nagatif za ka ga mutane da farin gashi da baƙin haƙori."

Nan wani saurayi ya matso, abin sauraro maƙale a kunne, ya ce gyaran waya yake yi, kada hankalina ya tashi.

"Yallabai, kashe ta ka sake kunnawa."

Na ce ba ta da makunni.

"To cire batir ka lasa ka mayar."

Na ce batirin na ma'aunin haske ne kawai, ko babu shi tana ɗauka. Ya jinjina kai, ya karɓi fim ɗin ya shinshina, ya hura masa iska, ya goge shi da gefen rigarsa.

"Shinkafa," ya ce. "A binne shi cikin shinkafa ya kwana uku."

Na ce shinkafa ai danshi take ja, wannan kuwa haske ne ya shige shi.

Ya dube ni da tausayi. "'Yar gwamnati ke nan kake faɗa, Yallabai. Ka samo 'yar Hausa."