Takarda Zuwa ga Doom Eternal, Sarkin Fawan Wasannin Bidiyo

Zuwa ga Maigirma Doom Eternal,
Sarkin Fawan Wasannin Bidiyo,
ta hannun gidan id Software,
Jihar Teksas, Amurka.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai sarauta, tare da fatan wuƙa ba ta dakushe ba, wannan takarda ta fito ne daga talakawan da suka raba dare suna danna maɓalli a ƙarƙashin mulkin Maigirma, kuma manufarta ita ce a gaya wa sarki abin da fadawansa suke jin nauyin faɗa. An zaɓa masa sarautar fawa ne domin a duk wasannin harbi na ƙagaggen labarin kimiyya, wato waɗanda ake ƙaga wata duniya ta gaba mai injuna da jiragen sararin samaniya a saka ɗan wasa a cikinta da bindiga, da wuya a sami wanda ya kai shi iya fiɗa da rarraba gaɓoɓi.

Asalin gidan ba ɓoyayye ba ne. Kakan Maigirma, wanda ake kira Doom kawai, ya fito a watan Disamba na 1993 daga hannun su John Carmack da John Romero, kuma shi ne ya yaɗa salon da ake kira harbi da idon ɗan wasa, ma'ana mai wasa ba ya ganin jikin jarumin da yake sarrafawa, sai bakin bindiga da abin da ke tahowa gabansa. Jinin da kakan ya zubar ya sa hukumomin Jamus suka saka shi cikin jerin abubuwan da ake tsare yara daga gare su a 1994, kuma ba a cire sunansa ba sai a 2011. Daga baya gidan ya yi sanyi, har aka farfaɗo da shi a 2016 da sabon Doom, wanda shi ne wan Maigirma. Shi kuwa Maigirma an sa ranar fitowarsa a Nuwamban 2019, aka ɗaga, ya fito ranar 20 ga Maris 2020, daidai lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, kuma rana ɗaya da Animal Crossing: New Horizons, wasan da babban aikin cikinsa shi ne kamun kifi da dashen furanni da biyan bashin gida. Tarihi bai cika haɗa mahauci da mai lambu a ranar suna ɗaya ba.

Abin da ya kamata a fara yaba wa Maigirma shi ne abin da masu kallonsa daga nesa ba su gani. Wanda ya leƙa ta bayan mai wasa zai ga jini da ƙashi da wuta, ya ce hauka ce zalla, alhali kuwa wanda ke riƙe da maɓallan lissafi yake yi irin na uwargida da kuɗin cefane ya yi mata kaɗan. Jarumin wasan, wanda ake kira Doom Slayer, yana buƙatar abubuwa uku kafin ya rayu: lafiya, da sulke, da harsashi. Maigirma ya ƙi ajiye masa isassu a ƙasa, ya zuba su a cikin cikkunan shaiɗanun da ke neman kashe shi, sannan ya ware wa kowane abu hanyar fitar da shi. Idan lafiya ta yi ƙasa, sai a raunana shaiɗan har ya fara tangaɗi yana walƙiya, a matsa kusa a ƙarasa shi da hannu, lafiya ta zubo. Idan sulke ake so, sai a babbake taron da bututun feshin wuta da ke kafaɗar jarumin kafin a harbe su. Idan harsashi ya ƙare, kuma yana ƙarewa da wuri tunda bindigar farko harsashi 16 kacal take ɗauka, sai a tayar da zarto mai inji a tsaga ɗaya daga cikin ƙananan, harsasai su watsu kamar an ɓare buhun gero. Man zarton yana komawa da kansa gwargwadon yanka ɗaya, don haka ƙananan shaiɗanun da ke yawo a fili sun tashi daga matsayin abokan gaba sun koma rumbu mai ƙafafu.

Hikimar wannan tsari ita ce ya kashe ɓuya. A yawancin wasannin harbi, wanda ya ji rauni yakan laɓe bayan bango ya jira jikinsa ya warke, amma a masarautar Maigirma mai laɓewa shi ne mai mutuwa, domin maganin ciwonsa yana jikin wanda ya ji masa ciwon. Dole ya yi gaba. An ba shi zabura sau biyu a jere, an ba shi tsalle a kan tsalle, an kuma ɗaura wa bindigarsa mai baki biyu ƙugiya irin ta rataye nama, wadda yake cillawa ta kama shaiɗan ta fizgo shi kansa zuwa wurinsa ta sama. Ƙari a kan haka, manyan shaiɗanu kowanne da lagonsa: Arachnotron, mai siffar ƙwaƙwalwa a kan ƙafafun ƙarfe, ana karya bindigar da ke bisa kansa; Mancubus mai tumbi ana fasa bututun hannuwansa; Cacodemon, ƙwallon nama mai ido ɗaya da ke shawagi, ana jefa masa gurneti a baki ya haɗiye. A cikin daƙiƙa goma mai wasa yakan sauya bindiga sau huɗu, ya duba man zarto, ya tuna ko wutar kafaɗa ta dawo, ya zaɓi wanda zai ci yanzu da wanda zai ajiye don anjima. Idan abin ya zauna a hannu, babu wasan harbin da ya kai shi daɗi, kuma injin da aka gina shi a kai, id Tech 7, yana tafiyar da wannan hargitsi sumul ko a kwamfutar da ba ta kai ta masu kuɗi ba. Wannan yabo ne da ba a yi wa ragi.

Sai dai sarkin da ya iya tsari yakan kamu da son a bi tsarinsa shi kaɗai, kuma a nan koke ya fara. Wan Maigirma na 2016 yakan miƙa wa mutum makamai ya juya baya, kowa ya yi yadda ya ga dama, har akwai waɗanda suka kusa gama wasan da bindiga ɗaya don ita suke so. Maigirma kuwa malamin makaranta ne mai bulala. Sau da yawa idan sabon shaiɗan ya bayyana, sai ya tsayar da yaƙin cak, ya fito da allo ya rubuta lagon abokin gaba da makamin da ya dace da shi, tun mai wasa bai sami damar gano komai da kansa ba. Ana iya kashe waɗannan darussa a cikin saituna, amma wanda bai san wasan ba bai san yana da wannan 'yanci ba.

Babban dogarin wannan makaranta shi ne Marauder, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Jarumi ne mai ƙaho, da gatari a hannu ɗaya da garkuwa a ɗayan, kamar ɗan damben da ya naɗe hannu guda ya bar guda yana karewa. Garkuwarsa tana tare kusan komai, har da BFG 9000, bindigar da ke share fili guda da harbi ɗaya. Idan an matsa kusa ya yi harbi, idan an ja da baya ya wurgo wutar gatarinsa, idan an dami garkuwar da harbi ya sako kyarkeci na wuta. Hanyar da aka bari ita ce a tsaya a tsaka-tsaki, a jira ya ɗaga gatari idanunsa su yi kore, a sakar masa harsashi a wannan ƙiftawar. Masu kare shi suna cewa jarrabawa ce ta ƙwarewa, kuma gaskiya ne cewa wanda ya koyi sauya bindigogi biyu da sauri yakan gama da shi cikin ɗan lokaci. Amma wasan da ya shafe sa'o'i yana koya wa mutum cewa tsayawa mutuwa ce, shi ne kuma ya kawo abokin gaba da ba a cin sa sai da jira. Dambe abin sha'awa ne a dandalinsa. A tsakiyar kwata ranar kasuwa, tare hanya ne.

Tsalle-tsallen da ke tsakanin fagagen yaƙi ba ya buƙatar dogon bayani. Mutumin da aka ce shaiɗanu na rawar jiki idan sun ji sunansa, sai ga shi yana lilo a sanduna, yana manne wa bango kamar ƙadangare, yana iyo a gurɓataccen ruwa yana neman maɓallin buɗe ƙofa, wani lokaci kuma yana tafiya cikin wata shuɗiyar laka mai ja da ke hana shi tsalle. An ce hutu ne tsakanin yaƙi da yaƙi. Hutun da ake faɗawa rami sau shida ba hutu ba ne.

Koke mafi nauyi shi ne na surutu. Abin da ya sa aka ƙaunaci wan Maigirma shi ne rashin haƙurinsa da dogon bayani: a farkon wancan wasa, lokacin da Samuel Hayden, shugaban kamfanin da ya jawo bala'in a duniyar Mars, ya fara jawabi ta allon kwamfuta, jarumin ture allon ya yi gefe ya wuce, kuma wannan turewa ta faɗi halinsa fiye da shafi ɗari. Maigirma ya ɗauki wannan mutum mai ƙarancin magana ya yi masa tarihin sarauta. An kawo firistoci uku da za a farauta, da wata sarauniya Khan Maykr mai mulkin wata sama da ake kira Urdak, da rundunar mayaƙan Argent D'Nur da sarkinsu da maci amanarsu, aka zuba mafi yawan bayanin a takardun da ake tsinta a hanya, waɗanda sai an dakatar da wasa a karanta. Wanda bai karanta ba zai ga mutane suna durƙusa wa jarumin bai san dalili ba, wanda ya karanta kuma zai tarar dalilin bai kai wahalar ba. An kuma gina masa fada a sararin samaniya, da ɗakin da ya jera gitoci da fayafayan garmaho da 'yan tsana da hoton zomanyarsa Daisy. Abin dariya ne mai daɗi, amma dodon da aka san inda yake ajiye kayan wasansa ya rage ban tsoro. Inda labarin ya yi kyau shi ne inda ya daina ɗaukar kansa da muhimmanci, kamar wurin da jarumin ya karɓe wata ƙatuwar bindiga a Phobos ya huda Mars da ita don kawai yana neman hanyar wucewa.

Akwai kuma maganar makaɗi, wadda ba ta raha ba ce sosai. Kowa ya san fawa ba ta cika sai da kalangu, kuma mai kalangun wannan gida shi ne Mick Gordon, ɗan Ostareliya, wanda kiɗansa mai nauyi yake tashi yana sauka daidai da zafin yaƙi, har ya tara mawaƙa masu kururuwa ya yi ƙungiyar amshi da su domin wannan wasa. Da faifan kiɗan ya fito a 2020, masu sauraro suka ji yawancin waƙoƙin ba haɗinsa ba ne. Marty Stratton, babban mai kula da aikin, ya ɗora laifin a kan jinkirin makaɗin; a Nuwamban 2022 Gordon ya fito da dogon bayani yana zargin an matsa masa da wa'adi kuma an yi amfani da kiɗan da ba a biya shi ba; kamfanin Bethesda mai buga wasan ya musanta. Wannan takarda ba kotu ba ce, amma ta lura cewa tun daga lokacin ba a sake jin wancan kalangu a ƙofar gidan ba. Ban da maganar makaɗi, a shekarar da Maigirma ya fito aka cusa wa masu kwamfuta wata manhajar hana maguɗi ta Denuvo mai shiga can cikin zuciyar na'ura, aka janye ta bayan an yi ca, sannan daga baya alkawarin da aka yi na barin 'yan wasa su kutsa cikin wasan junansu a matsayin shaiɗanu aka soke shi.

Game da jinin kansa, ba a zargin Maigirma da ɓoye sana'arsa. Launukansa masu haske ne, shaiɗanunsa suna zare ido kamar 'yan wasan kwaikwayo idan zarto ya iso, kuma ƙetarsa ta fi kusa da zanen barkwanci fiye da yaƙin gaske. Duk da haka hukumar tantance wasanni ta Turai ta sa masa shekara 18, ta Amurka ta sa masa 17, kuma lambobin suna nan a jikin kwalinsa ga duk uban da zai duba kafin ya miƙa wa yaro.

Saboda haka talakawa suna roƙon Maigirma abubuwa kaɗan, shi da magajinsa Doom: The Dark Ages da ya fito a 2025 da duk wanda zai biyo baya: a bar lissafin lafiya da sulke da harsashi yadda yake, a rage allon darasi, a cike ramukan tsalle, a sallami marubutan tarihin sarauta da godiya, a kuma daidaita da makaɗa tun kafin a fara kiɗa. Marauder kuwa, idan ba za a tuɓe shi ba, a riƙa sanar da zuwansa domin masu hawan jini su ajiye maɓalli.

Haza wasalam.

Daga talakawan masarauta, waɗanda har yanzu suke jiran idon nan ya yi kore.