Rabe-raben Mutanen Gidan Yawa a Fim Ɗin Cheaper by the Dozen

Fim ɗin barkwanci na Amurka mai suna Cheaper by the Dozen, wanda Shawn Levy ya ba da umarninsa a 2003, ya ginu ne a kan Tom Baker, mai horar da 'yan ƙwallon Amurka, da matarsa Kate, da 'ya'yansu 12. Steve Martin da Bonnie Hunt ne suka fito a matsayin iyayen, sunan fim ɗin kuwa an ɗauko shi daga littafin 1948 da biyu daga cikin 'ya'yan iyalin Gilbreth suka rubuta. Mai nazari zai lura cewa halin kowane mutum a gidan dabara ce ta neman kulawar iyaye, wadda ba ta isar kowa idan aka raba ta gida goma sha biyu.

Rukuni na farko shi ne 'yar fari mai gudun hijira, wato wadda ta yi rainon ƙanne har ta ƙoshi, ta tattara komatsanta ta bar gida. Nora ce ke wakiltar wannan rukuni, ko da yake duk lokacin da al'amura suka dagule ita ake fara kira a waya.

Na biyu ita ce 'yar kwalliya, wato Lorraine, wadda Hilary Duff ta fito a matsayinta, kuma a ganinta babu musibar da ta kai a ce ta saka kayan da yayarta ta gama yayi da su.

Na uku ita ce uwar ta'adi, wato mai kitsa ɓarna, ta rarraba wa ƙanne aiki, sannan ta koma gefe da fuskar salihai. Sarah ce ta jagoranci jiƙa wandon ciki na Hank, saurayin Nora, a cikin nama, karen gidan ya shinshino ƙamshi ya far masa a gaban jama'a. Hank kansa rukuni ne mai zaman kansa, wato baƙo mai ji da kyawun fuskarsa, wanda ya shiga gidan yawa ba tare da ya tambayi hanyar fita ba.

Akwai kuma ɗan tsakiya da aka mance da shi, wanda bai samu girman fari ba, bai kuma samu gatan auta ba. Mark ke nan, wanda 'yan'uwansa suke yi wa laƙabi da FedEx, wai kamfanin aika saƙo ne ya ajiye shi a ƙofar gida. Amininsa kwaɗo ne, wanda ya taɓa dirowa cikin ƙwan karin kumallo ya watsa teburin, kuma sai da kwaɗon ya mutu, yaron ya gudu ya hau jirgin ƙasa, sannan gidan ya tuna da shi.

Tagwaye, waɗanda gidan ke da su har kashi biyu, ribarsu ita ce laifi ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya.

Rukuni na ƙarshe shi ne uba mai cika baki, wanda ya tabbatar wa matarsa cewa zai riƙe gida yayin da ta tafi tallata littafinta, alhali bai san nauyin abin da ya ɗauka ba. A ƙarshe Tom ya ajiye babban aikin da ya daɗe yana mafarkinsa, domin ya gane cewa tarbiyyar yara 12 ta fi horar da ƙungiyar ƙwallo muhimmanci.