Ka Kalli Zane Kamar Mai Zaɓen Hula

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da huluna, ya ɗauki zanna bukar ya juya ta ciki da waje, ya kai ta wajen haske yana neman inda allura ta kauce, to ya riga ya iya kallon zane, ko da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Shawara ta farko ga mai zuwa baje kolin zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ita ce ya tafi da wannan idon, amma ya bar yatsunsa a aljihu. Fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba, kuma ɗalibin da ya hana idonsa barci yana gyara gefen gajimare ba zai gode maka ba idan ka dangwala masa babban yatsa kamar ranar zaɓe. Ka tsaya taku biyar daga bango, ka ga aikin gaba ɗayansa, sannan ka matso har ka ga sawun burushi, inda fenti ya yi kauri kamar yaɓen bango, da inda ya yi shara-shara har zaren ƙyallen yana leƙowa. Waya kuwa ta ɗan huta. Wanda ya juya wa zane baya don ɗaukar hoton kansa, fuskar da yake gani kullum a madubi ita zai koma gida da ita.

Maganar da ta fi hana mutane shiga ita ce, "Ni fa ba na gane komai." To, wa ya taɓa tare mai babbar riga ya ce sai ya fassara masa aska takwas kafin ya yarda ta yi kyau? Dagin da magina suka zana a fuskar tsofaffin gidajen birnin Zariya bai taɓa yi wa kowa bayani ba, amma mai wucewa yana ɗaga kai ya dube shi. Ido ne ke fara gamsuwa, fahimta ta biyo baya. In abin ya shige maka duhu, duba gefe: mai aikin yana nan kusa, ya sha wanka, yana jiran wanda zai tanka masa. Sai dai kada ka fara da "Nawa ne?", don ba kasuwar Sabon Gari ka zo ba. Ka tambaye shi abin da ya sa ya zuba ja a nan, ko daga ina ya samo wannan fuskar. Tambaya ɗaya za ta jawo maka hirar rabin sa'a, kyauta.

Wasu za su ce wannan harkar Turawa ce da 'yan boko. Tarihin wurin da kansa ya ba su amsa. A 1958, tun jami'ar tana kwaleji, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, domin sun ƙi yarda a koya musu zanen Ingila kawai. Suka ce kowa ya waiwayi fasahar gidansu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. A 1977 kuma jami'ar ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke kan takardar naira 20, digirin girmamawa. Wurin da ya karrama mai ginin tukunya haka ba zai raina ɗan marini ko 'yar mai saƙa ba.

Akwai hujjar da ta fi wannan nauyi, wato ta addini. Malamai sun yi magana a kan mutum-mutumi da siffanta mai rai, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, babu mai tilasta masa tsayawa gabansu. Amma hakan bai rufe masa ƙofa ba. Akwai yadi mai rini, akwai tukwane, akwai zanen gari da na daji, akwai wanda launi ne da layi kawai, ɗan'uwan zayyanar da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani. Ya kalli waɗannan, ya wuce sauran cikin mutunci.

In an ce akwai lacca ko hira da mai zane, ka zauna gaba, kada ka maƙale a bakin ƙofa kana jiran a raba lemo. Ka zo da yara, don su ba sa jin kunyar tambaya, kuma yaron da ya ga babba ya ɗauki zane da muhimmanci zai daina ɓoye abin da yake zanawa a bayan littafin lissafi. In ka tarar da littafin baƙi a kan tebur, "Ya yi kyau" ba ta isa ba. Ka rubuta wane aiki ne ya tsayar da kai, a wane bango yake, da abin da ya tuna maka, domin da yamma ɗalibin zai buɗe littafin nan yana neman layin da ya ambaci nasa.