Akushi Mai Gemu

Duk wanda ya yi ritaya yana da abin da yake damun iyalinsa da shi. Wani kiwon talotalo, wani siyasar unguwa, wani kuma ya kafa kujera a ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tafiya. Ni nawa rabon injin juya itace ne, irin wanda kafintoci ke fitar da ƙafar gado da shi. Na saye shi na hannu, na girke shi a zaure, na yi shela cewa an kusa daina cin tuwo a roba a gidan nan. Akushi zai dawo, amma na zamani, sumul, ba mai sawun gizago ba.

Uwargida ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam," ta ci gaba da tankaɗenta.

Sa'a kuwa ta zo, don iskar farkon damina ta kayar da mangwaron maƙwabcina, ya ce in kwashe kyauta. Ɗanyen itace akwai daɗin yanka, sassaƙe sai fita yake dogo dogo yana murɗewa. Sai dai kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ina kunna inji ya zana layin ruwa daga bango zuwa rufi, ya gangaro da shi ta gaban farar rigata. Ina cikin share ido bakin ƙarfen ya cije, guntun itacen ya kwance ya yi waje ta ƙofar zaure. Almajirin da ke tsaye yana jiran ɗumame ya ga akushi ya taho babu tuwo babu mai miƙowa, ya yar da robarsa ya ranta a na kare. Har yau ta tsallaken titi yake gaishe ni.

Da hannu ya faɗa, na bi ƙa'idar da na gani a bidiyon masu sana'ar na Amurka. Ba a gama akushi a zama ɗaya. Ana barin kaurinsa ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, wato mai faɗin santimita 30 a bar masa kaurin santimita 3, a ajiye shi watanni. Itace ya fi tsukewa ta faɗi a kan ta tsawo, don haka yana bushewa yana karkacewa, sai a mayar da shi kan inji a daidaita. Kuma dole ya bushe a hankali, in ba haka ba ya tsage. Su masu sana'ar a jakar takarda suke sawa. Na duba na ga mu nan ƙasar leda ce, kuma jaka ai jaka ce. Na zuba nawa a baƙar leda, na ƙulle baki tamau, na tura ƙarƙashin gado. A Kano. A watan Agusta.

Hancin uwargida ne ya fara kai rahoto. Ta ce ɓera ya mutu a ɗaki. Aka ɗaga katifa, aka jawo ledoji, na kwance ta farko a gaban kowa don a ga aikin hannuna. Akushina ya tsirar da gemu. Fari fat, cikakke, da ɗan kore kore a gefe. Na biyu har da saje. Autarmu ta leƙa ta tambaya ko za a kira wanzami.

Kafin la'asar maƙwabcina ya iso, ya ja ni gefe ya rage murya. "Malam, da ma ban so in faɗa maka ba. Mangwaron nan ko yara ba sa hawansa da tsakar rana. Akwai masu shi." Ya ba da shawarar hayaƙi. Na ce masa funfuna ce kawai. Ya gyaɗa kai ya ce ai da haka suke farawa.

Gemun bai ba ni wuya ba, tsumma ɗaya ya tafi da shi. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ya ƙi: dabbare dabbare shuɗi mai toka toka, da siraran baƙaƙen layuka suna yawo a jikin itacen. Na sa samfefa na dirza har atishawa ta hana ni amsa sallama. Akushi ya rame, tabo yana nan daram. Na jiƙa shi da bilic, sama ta ɗan yi haske, gida ya ɗauki warin wanki, tabo ya leƙo ta ƙasa. Na matse lemun tsamin da aka saya don kunun aya, aka yi rigimar da ba ta shafi itace ba. Daga nan na ce rana ce maganinsu, na jera su a kan kwanon rufi. Muna cikin cin abinci muka ji ƙas! Mafi kyawunsu ya dare daga baki har gindi.

Ɗan ƙanena mai karatun gandun daji ya zo hutu, ya juya ɗaya a hannu. "Baffa, wannan ba a sama yake ba. Zaren funfunar ne ya kutsa cikin naman itacen yana cin sitaci da sukarin da ke ciki, launin da kake gani nasa ne. Ko ka kankare har ya huje, yana nan." Ya ce tsami yana cire baƙin tabon da ƙarfe ke bari a jiƙaƙƙen itace, amma wannan ba ruwansa da tsami. Muddin ruwan da ke cikin itace ya haura kashi 20 cikin 100, ga ɗumi, ga iska ba ta zagayawa, to an shimfiɗa mata tabarma. Na ce wato laifin damina ne. Ya kalli ledar, ya kalle ni, ya tuna wanda ke biyan kuɗin makarantarsa, ya ce, "Haka ne, Baffa."

Na ɗauki ɗaya na nufi kasuwar Kurmi wurin wani tsohon masassaƙi. Ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Yaro, mangwaro ai na sha ne." Rabon da a ce mini yaro tun kafin in yi furfura. Ya ce itace a inuwa ake shanya shi, inda iska ke ratsawa, ba a rana ba, ba a leda ba. Sannan ya tambaye ni, "Ka taɓa ganin farin akushi a ɗakin kakarka?" Na yi shiru. Ya ce, "To je ka babbake shi da wuta, ka goge, ka shafa masa mai. Baƙi ba ya tona asirin kowa."

Haka na yi. Na babbake su kaf, suka fito baƙi wuluk suna sheƙi, har uwargida ta zaɓi ɗaya ta zuba tuwon dawa. Ranar ce ɗan ƙanen nawa ya dawo da waya a hannu. "Baffa, ina masu zanen nan? Ka ga yadda ake sayar da irinsu a Turai da Amurka. Da gangan ma wasu ke ajiye itace a danshi don layukan su fito." Na karɓi wayar, na ga farashi, na cire tabarau na goge, na sake gani.

Yanzu neman funfuna nake yi ido rufe. An kafa mini dokar hana leda da ƙarƙashin gado, don haka na jera guntayen mangwaro a bayan gida ina ba su ruwa safe da yamma. Sai dai Disamba ce, hunturu yana shanye ruwan kafin in ajiye buta. Duk sun tsattsage, ko gashi ɗaya babu wanda ya tsirar. Jiya maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya same ni tsugune ina yi wa busasshen kututture ban ruwa, ina lallashinsa. Bai ce uffan ba. Bayan sallar isha'i dai na ji liman ya roƙi jama'a a sa wani bawan Allah a addu'a, kuma sahu gaba ɗaya ni ya waiwayo.